Shekarar da Na Tayar da Goɗiya

Ku duka kun tashi kun tarar da Goɗiya a rumfar ƙofar gida, koren fentinta yana ɗaukar ido, kuma na sha jin ku kuna yi wa abokanku alfahari cewa babanku ne ya tayar da ita da hannunsa bayan ta shekara shida a kwance. Gaskiya ne, ni na tayar da ita. Amma wannan rabin labarin ne, rabin da yake da daɗin faɗi a wurin biki. Ɗaya rabin ban taɓa iya faɗa muku ba, domin kun san ni, magana ba ta zauna mini a harshe sai a takarda. Shi ya sa na rubuta.

Goɗiya motar kakanku ce, Malam Ummaru Direba. Akori-kura ce ta jeji, irin ta da, mai jan ƙafa huɗu, wadda ya saya a gwanjo tun kafin a haife ni. Da ita ya ciyar da mu. Hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dutsin-Ma, masu naƙuda daga Tamawa, gawa, amarya, taki, duk inda hanya ta ƙare nan aikinta yake farawa. Da injinta ya buga, ya ce sai bayan kaka zai gyara. Kaka shida ta wuce. Tayoyinta suka nutse a ƙasa a tsakar gidanmu na Kurfi, kaji suka mayar da kujerar gaba wurin ƙwai, Inna kuma tana shanya kuka a kan boneti. A shekara ta huɗu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya ɗauke magana gaba ɗaya. Hankalinsa kuwa garau. Yana ji, yana gani, yana da hannun hagu da sandar da yake buga ƙasa da ita idan abu bai yi masa ba.

Muna da gona ɗaya tak, a hayin gulbi, wajen Birchi. Ƙanena Sanusi ke noma ta, domin shi bai yi nisa a boko ba, ni kuwa ina makarantar horon malamai a Dutsin-Ma, saura shekara ɗaya in gama. Tun da Baba ya kwanta, maƙwabcin gonar, Malam Tanimu, ya fara matso da kunyarsa. Bana kunya uku, baɗi biyar, kuma duk ta ɓangaren kwari, inda ƙasa take riƙe laima, inda dawa take yi ko da damina ta yi gardama. Sanusi ya kai ƙara wurin mai unguwa. A nan aka tuna da wani abu: lokacin da aka raba gonakin, Baba da mahaifin Tanimu sun binne tukwane cike da gawayi a kan iyaka, kamar yadda mutanen da suke yi, domin gawayi ba ya ruɓewa. Mahaifin Tanimu ya rasu. A duniya babu wanda ya san inda tukwanen suke sai mutumin da ba ya iya magana. Mai unguwa ya yanke cewa a kawo Malam Ummaru gonar, ya nuna da hannu, a haƙa. Idan tukunya ta fito, magana ta ƙare. Amma a yi kafin shuka, domin ba ya raba ƙasar da iri ya riga ya shiga.

Lokacin bazara ne, gulbi babu ko ɗigon ruwa, yashi ne fari. Ƙaramar mota ba ta ratsa shi, Baba kuma ba ya iya zama a kan babur ko jaki. Inna ce ta fara kawo shawara, muna cin tuwo a inuwar zaure.

"Mi ya yi zafi? Ga amalanken Buba nan. A shimfiɗa mishi katifa, shanu su ja, kafin hantsi kun isa. Gobe ma in kuna so."

Buba makiyayi ne da ke zaune a bakin gulbi, abokin Baba tun suna samari. Shawarar ba ta da aibi ko kaɗan. Amma ni a makon nan na tsinci wani abu. Ina korar kaza daga cikin motar, na ɗaga kujera, sai ga littafi a naɗe cikin leda: littafin masu ƙera motar, da Turanci, shafi wajen ɗari huɗu, kowane noti da hotonsa da lambarsa. Baba ya ajiye shi shekara talatin bai iya karanta harafi ɗaya a ciki ba. Na kwana uku ina karantawa kamar mai haddar jarrabawa. A gidanmu ni ne wanda ba a aike kasuwa domin ba na iya taya kaya, ni ne wanda hannunsa yake yin bororo bayan kunya biyu. A karo na farko na ga aikin gidan nan da karatuna zai yi wanda ƙarfin Sanusi ba zai yi ba. Na ji bakina yana cewa:

"A ba ni sati biyu. Baba zai tafi gonarshi cikin motarshi."

Inna ta dube ni kamar wanda ya yi sambatu. Amma Baba ya ɗago kai, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, ya ɗora hannun hagu a kan gwiwata. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar jama'a, ba ya son a ratsa gari da shi a kwance bayan shanu kamar buhun gero. Inna ta ga fuskarsa, ta kwashe kwanuka.

Ban koma makaranta ba. Na rubuta wa shugaban sashenmu takarda, ya amsa cewa wanda bai zauna jarrabawa ba zai maimaita shekara. Na ninke amsar na sa a cikin littafin motar.

Yadda na yi aikin kuwa, har yau idan na tuna ina jin kunya da alfahari a haɗe. Na shimfiɗa tabarmi uku a ƙarƙashin darbejiya. Na tara gwangwanayen madara, kowane na manna masa takarda da lamba. Duk notin da na kwance sai na wanke shi da kananzir, na duba hotonsa, na rubuta a littafin rubutu daga ina ya fito. Kan injin da fistin na kai su garejin Garba Bakanike a Dutsin-Ma, wanda ya san Goɗiya tun yana yaron gareji. Garba da kunne yake aiki. Yana jin ƙarar mota daga nesa zai ce kafireta ce. Da ya ga na buɗe littafi a kan bencinsa ina auna ringi, sai ya kira maƙwabcinsa mai walda.

"Zo ka ga ɗan Ummaru. Shina karanta ma injin Yasin."

Suka yi dariya. Garba ya ɗauko wani gaskit, shimfiɗar da ake sa wa a ƙarƙashin kan inji, daga ƙugiya ya miƙo mini.

"Ga wanga. Na wata mota ne, amma in an ɗan datse gefe shina zama daram. Yau ka ɗaura, jibi ka tada."

Na duba lamba, ba ita ba ce. Na ce a hankali zan jira na asali. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya kafin wani direba ya samo mini shi a Kano.

Sati biyu suka zama wata. Sanusi ya je ya roƙi mai unguwa a ɗaga rana, aka ɗaga. Wata ya zama wata da rabi, ya sake komawa. Ni kuma barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina shiga. Ina kwance a ƙarƙashin mota amma idona yana gabas. Zafi ya yi nauyi, irin wanda yake sa mutum ya tashi ya zauna, ya sake tashi, bai san abin da yake nema ba. Iska ta fara juyawa. Da la'asar gajimare yakan taru ya yi baƙi, ya tsaya yana kallonmu, sannan ya watse. Duk ranar da ya watse sai in ji kamar an ɗaga mini hukunci. Ina sauri a zuciya, hannuna kuwa ya ƙi sauri. Idan na ɗaure noti ban tabbata da ƙarfinsa ba, sai na kwance na sake. Rannan Inna tana tankaɗe ta ɗaga kai ta ga shamuwa biyu a kan tsamiyar masallaci.

"Lawal, ka ga baƙi sun iso. Shamuwa ba ta ƙarya. Buba ya ce har yanzu amalankenshi na nan."

"Saura kaɗan, Inna."

"Kaɗan ɗin nan naka ya fi tafiyar Makka nisa."

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin shekarunsa da motar, Baba ya yi mata ƙare-ƙare da yawa waɗanda babu su a littafi. Waya a nan, guntun katako a can, robar tayar keke a naɗe a kan wayoyin wuta. Mafi muni a idona shi ne wani bututun famfo, mai tsatsa, da ya fito daga inda injin yake shaƙar iska, ya huda gefen boneti, ya hau jikin gilashi har saman rufi, an ɗaure shi da waya. A hoton littafi babu shi. A wurinsa akwai wata tukunyar tace iska, gajera, a zaune cikin boneti, kuma na same ta a jefe a bayan rumbu, lafiyarta ƙalau. Na ɗauka wata rana ce ta kwance a jeji, Baba ya yi dabarar talaka, bai sake komawa kanta ba. Na ambata wa Garba zan cire. Bai ko ɗago daga motar da yake ciki ba.

"Bar shi. Tsohonka bai sa abu banza."

Da na ce masa "don me?" da ya faɗa mini cikin numfashi ɗaya. Amma akwai mutane a garejin, kuma na gaji da dariya. Na tafi.

Kullum da safe Sanusi yakan fito da Baba ya jingina shi da bango yana kallon aikina. Ranar da na sa sifana a kan bututun, sandar ta fara bugun ƙasa. Na juyo. Idonsa yana kan bututun, yana kaɗa kai, wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa. Na sha gaya wa kaina daga baya cewa ban gane ba. Ƙarya ne. Ban san dalili ba, amma na san a'a yake cewa. Na ajiye sifana, na kama wani aiki. Da azahar, bayan an mayar da shi ɗaki ya yi barci, na kwance bututun, na yanke robobin tayar keke, na ɗaura tukunyar littafi, na toshe hudar boneti da faci. Washegari na juya kujerarsa ta fuskanci bayan motar, na ce saboda rana.

Goɗiya ta tashi ranar wata Talata, a bugu na uku. Kaji suka watse, yaran unguwa suka cika ƙofar gida, Inna ta rangaɗa guɗa duk da fushinta. Ƙarar injin kuwa santsi, babu ko tari. Garba da kansa ya zo Kurfi ya kara kunne, ya ce, "Kai, ashe Yasin ɗin ta karɓu." Mai unguwa ya sa ranar Asabar, ya kuma aiko cewa wannan ce ta ƙarshe. Ranar Juma'a da yamma sama ta buɗe. A Kurfi yayyafi ne mai ɗan ƙarfi, amma can sama inda gulbin yake tasowa an kwana ana yi.

Da hantsi muka isa bakin gulbi. Ina tuƙi, Baba yana gefena sanye da farar rigarsa ta Juma'a, Sanusi yana baya da fartanya da shebur na haƙa. Yashin da na sani ya tafi. Jan ruwa ne yake gudu, ɗauke da kara da kumfa. Sanusi ya naɗe wando ya shiga da sanda, ya je tsakiya ya dawo.

"Iya cinya ne, Yaya. Ƙasan da ƙarfi. Baba ya sha ratsa wanda ya fi wanga."

Na sa giyar ƙarfi, na haɗa ƙafa huɗu kamar yadda shafin ya ce. A lokacin ne hannun hagun Baba ya kama wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba. Yana kallon boneti, yana kallona. Na tuna mai unguwa da dattawa suna zaune a rana suna jiranmu, na tuna wata biyun da na ci. Na ce, "Kada ka ji tsoro, Baba," na zare hannuna, na saki kuloci.

Ta shiga da kyau. Tayoyi huɗu suna cizon ƙasa, ruwa yana tsagewa. Har zuciyata ta fara sauka. Muna kai wa tsakiya, gabanta ya ɗan faɗa wani kwari, ruwa ya hau kan boneti kamar an shimfiɗa bargo. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi wata ƙara kamar an buga guduma a cikin tukunya, ya yi tsit. Ya shaƙi ruwa ta tukunyar nan tawa mai kyau. Sai ƙarar gulbi kaɗai. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya rufe ƙafafunmu, ya hau kujera. Ina ta murɗa makulli kamar mahaukaci har Sanusi ya buɗe ƙofar Baba ya daka mini tsawa, karo na farko a rayuwarsa:

"Bar makullin nan ka kama mini shi!"

Ruwan yana ƙaruwa, kuma gaɓar da muka baro ta fi kusa. Sanusi ya goya Baba, ina tallafe da ƙafarsa marar lafiya, muka koma da baya. Sau biyu muka faɗi. Muka kwantar da shi a gindin wani gawo, farar rigar ta zama ja, haƙoransa suna kaɗawa. Buba ya iso da gudu da shanunsa huɗu da igiya. Sai bayan la'asar suka fito da motar. Buba yana kwance igiya ya dubi gefen gilashi, ya dubi inda na yi faci.

"Ina hancinta? Wa ya yanke mata hanci? Da wanga bututu Ummaru ke ratsa ruwa har ƙirji, tana shan iska ta sama."

 A amalanken Buba aka mayar da Baba gida, a kwance, ta tsakiyar gari.

Zazzaɓi ya kama shi a daren, tari ya biyo baya. Mai unguwa ya yi mana kara, ya ƙara kwana bakwai duk da abin da ya faɗa, amma Baba ko zaure bai sake fitowa ba. Na zana masa gonar a takarda, na riƙe masa, na roƙe shi ya nuna da yatsa. Ya daɗe yana kallon zanen, ya kawar da kai. Shi ƙasa ya sani, da itatuwa, da yawan takun ƙafarsa. Sanusi ya yi kwana bakwai yana haƙa ramuka a gefen kwari, shi kaɗai, cikin ruwan sama. Bai samu ko ɓallin gawayi ba. Tanimu ya kawo shaidu biyu, aka tsayar da iyaka inda kunyarsa ta tsaya. Kwarin duka ya tafi, aka bar mana tudu mai tsakuwa. Baba ya rasu kafin a yanke gero. Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma gona ba kwananta ne ya ƙare ba.

Na maimaita shekarata, na gama, na koyar. A hutun shekaru uku na sake kwance injin, na sauya sandar fistin da ta lanƙwashe, na mayar da bututun Baba da hannuna. Shi ne wanda kuke cewa yana ɓata mata kyau a hoto. Sanusi kuwa ya ci gaba da noman tsakuwa. A kanta ya aurar da 'ya'ya bakwai, kuma a shekarun da damina ta yi gardama na san abin da gidansa ya ci. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa.

Bara na kira liman da dattawa biyu, na shaida musu cewa rabona na gonar na Sanusi ne da 'ya'yansa. Ku sani, ba kyauta ba ce, kuma kada in ji ɗayanku ya je yana auna ta bayan raina. Da baƙi suka tafi, muka rage mu biyu a zaure, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, har da juya kujerar Baba. Na ce da na san amfanin bututun da ban taɓa shi ba. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Ni na sani, Yaya. Ina ɗan shekara sha biyu nike riƙe mishi waya shina ɗaure shi."

Na ce, "Ka sani? Ka ga na cire, ka shiga ruwa ka auna, ka ce in shiga?"

"To, kai ne babba, kuma kai ke da littafi. Na ɗauka Turawan da suka ƙera ta sun rubuta wata dabara da ta fi ta Baba. Na ji kunyar in tambaye ka, kada ka ga jahilcina."

Muna nan zaune, tsofaffi biyu, har ladan ya kira la'asar. Sanusi ya miƙe, ya ɗauko buta ya cika, ya ajiye a gabana, ya tsaya yana jira in fara alwala kafin shi.